Yaro ya ƙone yana kwance a asibiti: yaya za mu tara masa taimako ta intanet?

Tambaya: Ɗan maƙwabcinmu mai shekara 6 tukunyar ruwan zafi ta kife masa, ya ƙone a ƙirji da ciki da hannun dama. Yana kwance a asibitin koyarwa. Mahaifinsa mai facin taya ne, abin da ke hannunsa ya ƙare cikin mako guda. Mu matasan unguwa muna son mu nema masa taimako a Facebook da WhatsApp. Ta ina za mu fara, me kuma za mu kiyaye?

Amsa: Allah ya ba yaron lafiya, ya ba iyayensa ladan jinya, ku kuma ya saka muku da alheri. 'Yan'uwa, kafin kowa ya taɓa waya, ku ba da yini ɗaya ko biyu ga shiri. Na san zuciya tana cewa a yi sauri, to amma jinyar ƙuna ba ta mako ba ce. Tana cin watanni, wani lokaci har ta haura shekara, alhali tausayin jama'a a intanet ya fi zafi a kwanakin farko, daga nan sai wani labarin ya danne naku. Abin da zai sa mutum ya sake turo kuɗi a wata na biyu da na uku shi ne ya ga inda kuɗinsa na farko suka shiga. Duk abin da zan faɗa a ƙasa a kan wannan ya ginu.

Ku fara da mahaifin yaron da mahaifiyarsa, su biyun. Sau da yawa ana tambayar uba, a manta da uwar da take kwana a gefen gado. Ku tambaye su dalla-dalla: sun yarda a saka sunan yaron? Sun yarda a nuna fuskarsa? Sun yarda a faɗi sana'ar mahaifin da halin da gidan yake ciki? Akwai magidancin da ya gwammace ya sayar da gonarsa da a ce an yi bara da sunansa, kuma wannan haƙƙinsa ne. Idan haka ne, ana iya tara kuɗin a cikin masallaci da dangi da abokan sana'a ba tare da an fita fili ba. Dokar kare bayanan jama'a ta Najeriya ta 2023 ma ta ɗora yardar amfani da bayanan yaro a kan iyayensa ko mai riƙonsa, balle bayanin lafiya. In sun amince, su faɗa a gaban mai unguwa ko liman, ko a rubuta a sa hannu.

Daga nan sai asibiti. Mutum ɗaya daga cikinku ya raka mahaifin su ga likitan da ke kula da yaron, su nemi takardu biyu: rahoton likita mai ɗauke da hatimin asibitin da sa hannu da kwanan wata, da ƙiyasin abin da jinyar za ta ci. Kada ku tsaya a "nawa ake bukata yanzu". Ku tambaya kashi nawa na jikin ne ya ƙone, domin da wannan likitoci suke auna nauyin ƙuna: tafin hannun yaron haɗe da yatsunsa kusan kashi 1 cikin 100 ne na fatar jikinsa, kuma yaron da ƙunarsa ta wuce kashi 10 yana bukatar ƙarin ruwa da sa ido sosai. Ku tambaya sau nawa ake wankin ciwon a mako, nawa kayan wanki ɗaya suke ci, ko za a yi dashen fata, sau nawa ake zaton za a shiga tiyata, leda nawa ta jini za a iya bukata, da kuma abin da zai biyo bayan sallama. Likita ba zai ba ku adadi na ƙarshe ba, don ciwo yana canzawa, amma zai ba ku abin da za ku riƙe.

Ku kuma nemi ofishin jin daɗin marasa lafiya na asibitin. Manyan asibitocin gwamnati irin su na Malam Aminu Kano da na Dala a Kano da na Shika a Zariya suna da irin wannan ofishi, kuma mutane da yawa suna gama jinya ba su san da shi ba. Ma'aikatansa su ne ke tantance mara ƙarfi, su nemar masa rangwame inda hali ya yi, kuma sun san ƙungiyoyi da masu hannu da shuni da ke zuwa biyan kuɗin marasa lafiya, musamman da azumi. Takardar da suka rubuta ta fi dogon bayaninku ƙarfi a wurin mai bayarwa. A jihohin da ke da hukumar zakka, kamar Kano da Sakkwato, ku kai takardar neman taimako can ma, haɗe da rahoton likita da shaidar mai unguwa. Ba lallai a samu da wuri ba, amma a ajiye takardar tun yanzu.

Yanzu maganar da ta fi kawo rigima: asusun da kuɗin za su shiga.

Kada ɗayanku ya ba da lambar asusunsa na kansa, komai amanarsa. Kuɗin gudummawa suna cakuɗuwa da na cefane da na kasuwa, ranar da aka nemi lissafi shi kansa ba zai iya rarrabewa ba, sai zargi ya shiga tsakanin mutanen da suka taru don Allah. Mafi kyau a buɗe sabon asusu domin wannan aiki kaɗai, na haɗin gwiwa, wanda ba a cire ko sisi sai mutum biyu sun sa hannu: mahaifin yaron da wani dattijo da unguwa ta yarda da shi. In buɗe irin wannan zai ɗauki lokaci, a yi amfani da asusun mahaifin bayan an kwashe abin da ke ciki an rubuta ranar da aka fara, ko na wata ƙungiya mai rajista da kuka sani ido da ido.

Ku duba matakin asusun kafin ku yaɗa lambarsa. Asusun matakin farko, irin wanda ake buɗewa a waya cikin minti biyar, ba ya riƙe fiye da naira 300,000. Da ya cika, sai kuɗin mutane su riƙa komawa, ko su maƙale a tsakani, daidai lokacin da saƙonku yake yawo. Wanda ya tura sau ɗaya aka dawo masa da kuɗinsa da wuya ya sake gwadawa. A kai lambar BVN da NIN da shaidar adireshi a ɗaga asusun zuwa mataki na uku. A kuma je reshen banki a sanar da su cewa za a tara gudummawar jinya, a nuna rahoton likita, domin asusun da ya saba ganin dubu biyar-biyar in ya wayi gari kuɗi na shigowa daga mutum ɗari uku, banki na iya dakatar da shi har sai an yi bayani.

Akwai wata hanya da nake fifitawa ga manyan kuɗi. Asibitocin gwamnatin tarayya suna karɓar kuɗi ta Remita, wato wani tsarin biyan kuɗi ta intanet: ana fitar da lambar biya ta RRR a kan aikin da za a yi, kowa zai iya biya daga bankinsa, kuɗin su tafi asibiti kai tsaye. Idan wani alhaji ya ce zai ɗauki nauyin tiyata, kada ku ce ya turo muku. Ku ciro masa lambar ya biya da kansa, ku karɓi rasit a kai inda ake tabbatarwa. Mai bayarwa hankalinsa ya kwanta, ku kun huta da riƙon kuɗi, mahaifin kuma ya tsira daga 'yan'uwan da za su ji an tara miliyan su zo neman rance. Wannan na ƙarshen yana faruwa fiye da yadda ake faɗa, kuma mutumin da ɗansa ke kwance ba shi da ƙarfin cewa a'a ga yayansa ko surukinsa. Sa hannun mutum na biyu garkuwa ce gare shi.

Ku kafa kwamiti, kada ya wuce mutum huɗu ko biyar. Ɗaya ya riƙe littafin shiga da fita. Ɗaya ya zama shi kaɗai ke magana da asibiti. Ɗaya ya riƙe shafin da amsa saƙonni. A sa mace a ciki, wadda za ta iya zama da mahaifiyar ta ji abin da ba za ta faɗa wa maza ba. Mai littafi ya sayi littafin rubutu mai kauri, kowane shafi a ja layi huɗu: rana, daga wa ko zuwa ina, nawa, saura nawa. Kowane rasit a ɗauki hotonsa a ranar, domin rasit na injin POS da na kantin magani rubutunsa yana gogewa cikin 'yan makonni in ya sha zafi a aljihu. Kuɗin hannu da aka tara a masallaci ko a kasuwa a ƙirga a gaban mutum biyu, a rubuta, a zuba a asusun a ranar, kada a kashe daga leda.

Saƙon da za ku fitar ya zama gajere kuma cikakke: sunan yaron na farko, shekarunsa, abin da ya faru a jimla ɗaya, asibitin da yake, abin da likita ya ce za a yi, adadin da ake nema da abin da zai biya, sunan asusu da lambarsa da bankin, lambar waya ɗaya ta ɗan kwamiti, da kwanan wata. Kada a sa lambar mahaifiyar. Kada a sa lambar gado ko adireshin gida. A rahoton likitan da za ku ɗora, a rufe lambar katin asibiti. Kuma kada a ƙara gishiri. In likita bai ce "in ba a yi aiki nan da kwana uku ba zai mutu" ba, kada ku rubuta haka. Ranar da wani ma'aikacin asibitin ya gani ya ƙaryata, duk gidauniyar ta rushe, kuma karɓar kuɗi da bayanin ƙarya laifi ne da doka ke hukuntawa ko da niyyar mutum taimako ce.

Hoto kuwa, a nan nake roƙonku ku ji tsoron Allah a kan yaron. Gaskiya ne hoton ɗanyen ciwo yana girgiza mutane, amma yaron nan zai girma, zai shiga makaranta, abokansa za su riƙe waya, kuma abin da ya hau intanet ba ya sauka. Kada a nuna tsiraicinsa, kada a ɗauke shi ana wankin ciwo yana ihu, kada a sa mahaifiyarsa ta yi kuka a gaban kyamara. Hotonsa a gado, an rufe shi da zane, bandeji yana bayyane, ya isa. Facebook ma yana lulluɓe hotuna masu tayar da hankali, sai ya zama kun zubar masa da mutunci kuma saƙon bai yi nisa ba. A nemi izinin nas mai kula da ɗakin kafin a ɗaga waya, a tabbatar fuskar ɗan wani ba ta shiga ba.

'Yan damfara suna bin irin waɗannan saƙonni. Dabararsu mai sauƙi ce: su kwafi hoton da rubutun, su cire lambarku su sa tasu, su watsa a wasu zaurukan. Maganinsa a rubuta lambar asusun da sunansa da kwanan wata a jikin hoton, a gicciye ta tsakiya inda ba za a yanke ba, kuma a maimaita a kowane saƙo cewa asusu ɗaya ne tak, duk wanda zai tura ya duba sunan da ya fito kafin ya danna. Wasu kuma za su turo hoton alat na bogi su ce sun yi kuskure sun tura dubu ɗari maimakon dubu goma, a dawo musu da ragowar. Kada a mayar wa kowa da komai sai an ga kuɗin a bayanan asusun daga banki. Duk wanda ya kira ya ce daga wata gidauniya yake, a faɗa masa lambar da ta shigo waya ko a biya kuɗin rajista, ɓarawo ne, a kashe wayar. Masu shafuka masu mabiya da yawa suna da amfani, kuma akwai masu yi don Allah a cikinsu, amma sharaɗin shi ne su sa lambarku. Wanda ya ce sai dai a tara a asusunsa, ko yana da kaso a ciki, ku yi masa godiya ku wuce.

Kada ku raina abin da ke kusa da ku. Sanarwar liman bayan sallar Juma'a, ƙungiyar masu facin taya da mahaifin yake ciki, islamiyyar matan aure, tsofaffin ɗaliban makarantarsa, gidan rediyon garinku: waɗannan sun san mutumin, ba sa bukatar a rantse musu, kuma su ne za su rage bayan baƙin intanet sun watse. Mutum ɗari da suka yi alkawarin naira dubu ɗaya kowane wata sun fi mutum ɗaya da ya ba da dubu ɗari sau ɗaya, domin da irin wannan karo-karo ake tsara wankin ciwo. In kuna da 'yan'uwa a Ingila ko Amurka da suke son buɗe shafi a GoFundMe, dandalin tara gudummawa ta intanet, ku sani ba a biyan kuɗinsa zuwa asusun Najeriya. Sai wanda ke zaune can ya buɗe da sunansa, ya karɓa, ya turo, kuma ana cire wani kaso a kan kowace gudummawa. Ya zama mutum ne da za ku iya kama shi ta hannun danginsa.

Wanda ya ce zakka ya bayar, a rubuta ta daban. Zakka tana da masu cin ta guda takwas da aya ta 60 ta Suratut Tauba ta lissafa, mahaifin da jinya ta cinye kuma bashi ya hau kansa yana cikinsu, amma ba a sayen katin waya ko man babur na kwamiti da ita. Yadda za a miƙa ta, ku tambayi malaminku tun farko.

Taimako ba kuɗi kaɗai ba ne, kuma a nan matasan unguwa suka fi kowa amfani. Jini: ku rubuta sunayen mutum goma masu lafiya, 'yan shekara 18 zuwa sama, masu nauyin kilo 50 ko fiye, a gwada rukunin jininsu, su zama a shirye ranar tiyata. Namiji yana iya bayarwa duk bayan wata uku. Abinci: jikin da ya ƙone yana cin abinci mai gina jiki fiye da na mai lafiya, ciwon ba ya rufewa in yaron yana rama, don haka ƙwai da madara da wake da kifi da kunun gyaɗa suna cikin magani, a sa su a lissafi. Gidaje bakwai su raba kwanakin mako, kowane gida ya san ranar da zai kai kwano asibiti. A samu wadda za ta karɓi mahaifiyar ta je gida ta yi wanka ta yi barci. A duba sauran yaran gidan: wa ke dafa musu, wa ke kai su makaranta. A samu mai zama a wurin facin don kada kwastomomin mahaifin su watse. Dubiya kuwa a rage ta. Fatar da ta ƙone ƙofa ce a buɗe ga ƙwayoyin cuta, kuma shigar cuta cikin ciwo na daga manyan abubuwan da ke kashe masu ƙuna. In nas ta hana shiga, ku taya ta, ku rubuta a zaurenku na WhatsApp cewa addu'a daga gida ta wadatar.

Zauren WhatsApp ɗin a saita shi yadda masu kula kaɗai ke iya rubutu. In ba haka ba, cikin kwana biyu zai cika da masu tallan maganin gargajiya, da masu cewa a shafa ƙwai ko man goge baki ko toka, da masu tambayar ina uwar take har yaro ya faɗa ruwan zafi. Wannan tambaya ta ƙarshe tana kai wa matar, kuma ita ta riga ta yi wa kanta hukuncin da ya fi nasu zafi. Mai riƙe shafin ya goge irin waɗannan kalamai ba tare da jayayya ba. Haka masu cewa a cire shi daga asibiti a kai shi wurin mai magani, ko a fita da shi Masar ko Indiya: wannan shawara ta likitansa ce, in ya ga akwai abin da ba za a iya a nan ba zai rubuta.

Bayanin lissafi a fitar da shi rana ɗaya tsayayya kowane mako, a ce duk Juma'a da yamma, ko an samu kuɗi ko ba a samu ba. Layi biyar sun isa: abin da ya shigo, abin da aka kashe da abin da aka kashe shi a kai, abin da ya rage, halin da yaron yake ciki a bakin likita, da abin da ke gaba. A haɗa da hoton rasit biyu ko uku. Sunan mai bayarwa ba a faɗa sai ya yarda. In labarin ba daɗi, dashen bai kama ba ko zazzaɓi ya dawo, a faɗa da izinin iyayen. Mutane suna jure mummunan labari, shiru ne yake sa su zargi.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne a ɗauka sallama ce ƙarshen jinya. Tabon ƙuna yana ƙanƙancewa yayin da yake warkewa. Tunda ƙunar ta taɓa hannu da ƙirji, in ba a ci gaba da gashi da motsa gaɓoɓi ba, fatar hammata ko gwiwar hannu ko yatsu za ta ɗaure, yaron ya kasa miƙe hannun, a dawo ana neman kuɗin wata tiyatar da ta fi ta farko wuya. Zai iya bukatar abin ɗaure hannu a miƙe, da matsattsiyar riga ta musamman da ake sawa watanni don tabon ya kwanta, da man shafawa saboda ƙaiƙayi, da kuɗin mota zuwa asibiti duk ranar ganin likita. Kuma da yake yaro ne yana girma, tabo ba ya miƙewa daidai da girman jiki, don haka ana bibiyarsa shekaru. Shawarata, daga duk abin da ya shigo a ware kamar kashi ɗaya cikin uku domin bayan sallama, a faɗa wa jama'a haka tun a saƙon farko, kada a taɓa shi sai in rai ne ke kan layi.

Tun a wannan saƙon na farko kuma a rubuta abin da za a yi da ragowa. Magana ce mai nauyi, amma gara a yi ta yanzu: in kuɗi suka yi saura bayan ya warke, ko Allah ya yi nasa ikon, za a fara biyan basussukan jinya, sannan ragowar ta tafi ga iyayen, ko ga wani yaro a ɗakin ta hannun ofishin jin daɗin marasa lafiya. Ku zaɓi ɗaya tare da iyayen da liman, ku rubuta, domin wanda ya bayar bayan ya karanta ya yarda da sharaɗin. Ranar da adadin da ake nema ya cika, a sanar a daina turowa, a koma kan tsofaffin saƙonnin a rubuta "an rufe" da kwanan wata, a roƙi waɗanda suka yaɗa su ma su yi haka, in ba haka ba hoton zai ci gaba da yawo shekara biyu a hannun wasu. Sannan a ciro cikakken bayanin asusun daga banki, a haɗa da littafin da rasit ɗin, a karanta a gaban mai unguwa da liman da iyayen, kowa ya sa hannu, a ba mahaifin kwafi ɗaya, ɗaya ya zauna a wurin dattijon da ya sa hannu a asusun.